Ranar da Gimbiya Ta Tafi da Ƙafarta

Labari ya iso mini har inda nake kishingiɗe cewa an kawo 'yan gwangwan sun zagaya motar da ke ƙofar gidanmu na gado, sun ƙwanƙwasa ta, sun leƙa ƙarƙashinta, har ɗayansu ya ce ƙarfen da ne, mai nauyi. An kuma ce Nasiru, ɗana na cikina, shi ya yi musu jagora, don yana son wurin ya kafa shagon cajin waya. To, ban yi fushi ba. Yaron da ya buɗe ido ya ga gangar jiki babu taya, babu gilashi, kaji na saka ƙwai a kujerar baya, ba laifinsa ba ne idan ya ɗauka bola ce. Laifin namu ne da muka bari kuna jin labarin gutsi-gutsi a teburin mai shayi. Shi ya sa na jingine babin makarantar allo da na fara, na jawo wannan gaba, tun kafin in wayi gari in tarar an ɗora tarihin gidanmu a kan sikeli.

Na san abin da uwarku za ta ce. Za ta ce kada ku yarda da ni, wai ni idan na ga zakara sai in ce raƙumi ne ya yi cara. Ban musa ba, ina ƙara gishiri. Amma a wannan babin gishirin kaɗan ne, kuma duk inda na barbaɗa za ku ji shi da kanku.

Motar ta Yaya Habu ce, wana, ɗan farin Baba Malam da Inna, mahaifin yayarku Hafsatu. Ba ku san shi ba, ita ma Hafsatun ba ta san shi ba. Dogo ne siriri, har idan ya tsaya kusa da turken awaki sai akuya ta rasa wanne za ta goga wa jikinta. Yana da wushirya, kuma dariyarsa kan riga shi shiga zaure. Sana'arsa ɗaukar hoto. Kyamara ce baƙa a rataye a wuyansa tun daga fitowar rana, da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa gona, ina jin da an bar shi da ita zai yi wanka. Kafin ya danna, sai ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, kar ka motsa. Ya faɗi wannan kalma har ta zama sunansa. Tun daga Zango har garin Babban Mutum, idan ka ce Habu za a tambaye ka wane Habu, amma idan ka ce Kar-ka-motsa ko jariri zai nuna maka hanya.

A gidanmu kuwa ba shi da suna ko ɗaya. Ku 'yan yanzu da uwa ke ɗaga waya ta kira ɗan fari da sunansa, har ta haɗa da ɗan albarka, ba za ku gane kunyar ɗan fari ta wancan lokaci ba. Inna ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai ta ce mai hoto. Baba Malam ya fi ta tsanani. Shi ba suna kaɗai ba, maganar ma ba ya yi da shi kai tsaye. Ni ne wayar da ke tsakaninsu. Muna zaune mu uku a tabarma ɗaya, gwiwar Yaya Habu na taɓa ta Baba, sai Baba ya dube ni ya ce, Sale, tambayi wanka ko ya ba shanu ruwa. Sai in juya in tambaya, Yaya ya ba ni amsa, in juya in mayar. Na yi wannan aikin tafinta tun ina ƙarami har wuyana ya koyi juyawa da kansa. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka tarar ana yi. Amma na sha ganin Yaya Habu, idan Baba ya ƙwala mini kira da sunana daga zaure, ya ɗan tsaya da abin da yake yi, sannan ya ci gaba.

Bayan hoto, abin da ya fi so a duniya mota ce. Yana kwance a ɗaki zai ji ƙara daga titi ya gaya maka irin motar, da direban, da abin da ke damunta. A tashar Daura ya koyi tuƙi, yana ɗaukar direbobi hoto kyauta su kuma suna ba shi sitiyari ya zagaya fili. Da aka kai shi gaisuwar surukai a gidan su Talatu, matarsa, an ce rabin zaman yana leƙen wata akori-kura da ke tsaye a waje.

Shekarar da nake son ba ku labari, ana saura kwanaki ƙaramar salla, muna zaune da hantsi sai muka ji ihun yara. Muka fito. Sai ga shanun huɗa biyu sun shigo gari suna jan wata mota ruwan ƙasa da igiya, Yaya Habu na zaune a ciki, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya a taga, yana ɗaga wa jama'a kamar sabon hakimi. Ashe ɗan bijiminsa ya kai kasuwar Mai'aduwa ya musanya da ita. Aka tsayar da shanu daidai ƙofar gidanmu. Baba Malam ya fito da carbinsa, ya zagaya ta sau ɗaya, ya sa aka ɗaga bonet. Ya leƙa. Ni ma na leƙa. Abin da muka gani shi ne ƙasar ƙofar gidanmu, da wata kaza da ta riga ta shige tana tono.

"Sale," in ji Baba, "tambayi wanka ina cikinta."

"Yaya, wai ina cikinta?"

"Gaya wa Baba inji yana tafe."

"Tambaye shi da ƙafa yake tafe ko shi ma shanu za a aika."

Inna tana bayan danga tana jinmu. Ta ce, a ba da abin da ke cin ciyawa ya yi ƙiba, a karɓo abin da ke cin rana ya yi tsatsa, wannan ciniki sai mai hoto. Yaya ya yi dariya, ya ciro ƙyalle ya goge madubin gefe, wanda dama a tsage yake, ya ce sunanta Gimbiya, kuma gimbiya ba ta saurin tashi.

Mu duka mun ɗauka ya yi hasara, ashe shi ya san abin da ya hango. Ranar salla ya wanke ta tas, ya shimfiɗa darduma a kujera, ya ce duk mai son hoto a cikin mota ya zo. Jama'a, ban taɓa ganin layi irin wannan ba, ƙarshensa yana bakin rijiya, wasu sun ce har ya tsallaka iyaka. Samari da sabon ɗinki, angwaye, tsofaffin da ko keke ba su taɓa hawa ba, Fulani da malafa da sanda, kowa ya zauna ya kama sitiyari ya haɗe fuska kamar mai shirin tafiya Legas. Yaya ya ɗaga yatsa ya ce kar ka motsa, alhali ko sun so motsin babu inda za su. Kafin damina ta sauka, babu ɗakin da za ka shiga a yankinmu ba ka ga mai gida a sitiyarin Gimbiya ba. Baƙon da ya ga hotunan zai rantse kowane magidanci a ƙasar Daura yana da mota, duk iri ɗaya, duk da tsagaggen madubi.

Baba Malam bai ji daɗin wannan ba. Dama shi da hoto ba sa shiri, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba, bai kuma yarda a rataye ko ɗaya a ɗakinsa ba. Ga shi an mayar masa da ƙofar gida kasuwa, kuma daidai inda motar ke zaune nan ne muke jibge damman gero da kaka kafin a zuba a rumbu. Rannan bayan an yi shuka ya kira mu zaure.

"Sale, gaya wa wanka, abin da ba ya noma, ba ya ba da nono, ba ya tafiya, ba shi da wuri a ƙofar gidana. Ya ce inji yana tafe. To, na ba shi zuwa ranar da za a kawo damin farko. Idan ta tashi da ƙafarta, ba shanu, ba turi, ta kai tsamiyar masallaci, ta zauna har abada. Idan ba ta tashi ba, Tanko maƙeri ya zo da gudumarsa."

Na juya zan maimaita, Yaya ya ce, bar shi Sale, wannan karon na ji da kunnena.

Maganar ta fita gari. Tun daga ranar Tanko maƙeri ya mai da ƙofar gidanmu hanyarsa ta zuwa ko'ina. Zai tsaya ya auna ƙofar Gimbiya da taƙin hannunsa, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya.

"Kar-ka-motsa, wannan ƙofar fartanyu ce masu kyau. Bonet ɗin nan kuwa kaskon suya zan fitar wa Inna, kyauta."

"Baba Tanko, ranar da za ta tashi a gidan gaba zan sa ka."

"Ni dai a bar mini ƙarfen ƙarƙashi, garma ce ta shekara goma."

Damina ta yi nisa. Yaya ya zaga duk garejin da ke Daura, ya je Katsina, ya je Kano, duk injin da ya gani ya fi ƙarfin aljihunsa. Gero ya fitar da kai, ya yi ido, ya fara sunkuyawa. Dariyar Yaya ta fara gajarta, ni kaɗai na lura, sai ko Talatu, wadda a lokacin take da ƙaramin ciki.

Yanzu sai in shigo da kaina cikin labarin. A lokacin ni ne mai injin niƙa ɗaya tilo a garinmu. Ɗan ƙaramin inji ne na fetur da ake tayarwa da igiya, amma ƙararsa idan na tayar da shi a nan, a garin Dutsi ake toshe kunne. Da shi nake taƙama, kuma saboda shi aka ba ni uwarku Rabi, don mahaifinta ya ce yaro mai inji ba zai bar 'yarsa da yunwa ba. An sa biki bayan kaka. Rannan ina niƙa, fuskata fari fat da gari kamar fatalwa, sai ga Yaya ya zo ya tsuguna. Ya ƙura wa bel ɗin da ke juyawa ido. Da na ga irin kallon, sai na gane nufinsa, don irinsa ne yake yi wa motocin mutane. Na kashe injin.

"Yaya, kar ma ka fara."

"Ban ce komai ba."

"Idonka ya ce. Wannan dawa yake juyawa, ba taya ba."

"Juyi ai juyi ne, Sale. Aron yini ɗaya."

"Idan ya lalace fa? Da me zan je wa baban Rabi, da kyamara?"

Ya shiga wasa da gari a ƙasa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Na zaunar da mutum ya fi a ƙirga a motar nan, kowa na ce masa kar ya motsa. Ni ina so in motsa sau ɗaya. Kuma na ce wa Baba inji yana tafe. Ba na so ya zama ɗan farinsa ya yi masa ƙarya a gaban gari."

Na so in ce a'a. Wallahi bakina ya riga ya haɗa kalmar. Amma tun da nake ban taɓa jin Yaya Habu ya roƙi abu ba tare da dariya a ciki ba sai ranar. Na ce ya kawo sufana.

Yini ɗayan nan ya haifi 'ya'ya da jikoki. Aka ɗauko mai walda daga Zango, aka kafa injin a cikin bonet kamar an zaunar da ɗan tsako a cikin rumbu, aka yi ta gwada bel, wannan ya yi tsawo, wancan ya tsinke. Matan gari kuwa suka koma dutsen niƙa, kuma kowace idan ta durƙusa da sunana take farawa. Inna ta ce ta haifi biyu, ɗaya ya sayar da sa, ɗaya ya kashe mata gwiwa. Uwarku ma ta zo wucewa da ƙwaryar dawa a ka, ta tarar da ni kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafuna kaɗai ke waje. Ta tsaya ta yi magana da ƙafafun.

"Sannu da aiki. An ce injin ya riga mu yin aure, har ya tare."

"Ziyara ya zo, zai koma."

"Allah ya sa dangin amaryar su sake shi."

Ku tambaye ta, tana nan da ranta, idan ƙarya na yi.

Ranar da aka kawo damin farko a amalanke, gari ya taru kamar ana rabon nama. Tanko maƙeri ya zo da guduma a kafaɗa ya tsaya gaba-gaba, daga baya ya ce bari ya koma maƙerarsa, da ke bayan tsamiya kaɗan, ya hura wuta kafin a gama wasan yara. Baba Malam ya fito da farin rawaninsa. Ya leƙa bayan motar, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya yi abin da ba wanda ya zata.

"Sale, gaya wa wanka ni ma zan shiga. Na san halinku, kuna iya ɗaura mata igiya ta inda ido ba ya gani."

Ya buɗe gidan gaba ya zauna, ya tattara babbar rigarsa a cinya. Yaya Habu ya tsaya yana kallonsa. Sai ya cire kyamarar daga wuyansa, abin da ban taɓa gani ba, ya rataya mini. Ya ce idan na tayar da injin in ruga gaba in tsaya kusa da tsamiya, idan sun iso in riƙe numfashi in danna nan. Na ce Baba fa? Ya ce Baba yana kallon hanya.

Na naɗe igiya na ja. Shiru. Na sake ja, ya yi tari. A ja na uku ya kama da wata irin ƙara da ta tashi tantabarun gari gaba ɗaya. Sai ga mata suna fitowa daga lunguna da ƙorai a ka, sun ɗauka an buɗe niƙa. Na ruga da kyamara tana dukan ƙirjina. Da na waiwaya, Gimbiya tana rawa a wuri ɗaya kamar mai jin sanyi. Yaya ya saka giya. Ta yi tsalle ɗaya, ta yi na biyu, sai ga taya tana juyawa. Ta tafi. Da ƙafarta, babu sa, babu hannun kowa. Da farko tafiyar hawainiya take, har wata tsohuwa mai sanda ta wuce ta. Amma kun san daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci gangare ne. Nan Gimbiya ta tuna ita mota ce.

A nan ne kuma muka gane kuskurenmu. Duk daminar nan, ni da Yaya da mai walda da duk masu ba da shawara kyauta, tunanin yadda za ta tashi muka yi. Babu mutum ɗaya da ya yi tunanin yadda za ta tsaya. Motar da shanu ke ja, idan shanu suka tsaya ita ma ta tsaya, wa zai tuna da birki? Ina tsaye, ido ɗaya a kyamara, na ga tsamiya ta zo, na ga ba su rage ba, na ga ƙafar Yaya tana ta taka abin da ba ya amsawa. Sai na ji muryar Baba Malam ta keta ƙarar injin:

"Habu! Birki, Habu!"

Yatsana ya danna da kansa, ni kuma na yi tsalle na faɗa cikin kwata. Gimbiya ta wuce ni, ta wuce tsamiya, ta nufi maƙera. Tanko ya ga fartanyunsa da garmarsa sun taho masa a haɗe tun kafin ya ƙera su, ya yar da guduma ya haye katanga, tsoho mai jikoki, kamar ƙadangare. Allah ya sa akwai tarin karan dawa a gefen maƙerar. Nan ta nutse har wuya. Injina ya yi wani kuka, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya yi shiru, shirun da bai sake tashi daga shi ba.

Aka janye kara. Baba ya fito, rawani ya karkace, ganye a gemu, carbi yana nan a hannu. Ya kakkaɓe rigarsa a natse. Ya dubi tsamiyar da ke bayansa, ya dube ni ina ɗigar da ruwan kwata.

"Sale, gaya wa wanka ta tafi."

Ya juya ya nufi masallaci. Ni na ruga wurin injina, na taɓa shi ya ƙona ni. Na zagayo in zazzage wa Yaya abin da ke cikina, sai na tarar da shi zaune riƙe da sitiyari, yana dariya, hawaye na bin kumatunsa.

"Ka ji, Sale?"

"Na ji. Injina ya buga."

"Ba shi ba. Sau biyu ya faɗa."

Sai a lokacin na gane. Na zauna a kan kara kusa da shi, na rasa ko in yi kukan injina ko in taya shi murna, sai na yi duka biyun.

Shanu ne suka mayar da ita ƙofar gida, damman gero kuwa aka nema musu wani wuri. Ni na biya kuɗin wannan tafiya da shekara guda ta rayuwata. Bakanike ya duba injin ya ce ko a lahira sai an yi masa addu'a. Baban Rabi ya ce yaro mai inji ya ba 'yarsa, a jira yaron ya sake zama mai inji. Aka ɗaga biki zuwa wata kakar, na koma bugun bulo. Har yau idan na yi wa uwarku gardama sai ta ce in yi a hankali, ita ce matar da aka ajiye saboda mota.

Da fim ya dawo daga wanki a Kano, Yaya ya zo har wurin bulo yana ɗaga hoton sama. Na karɓa, kunya ta kama ni. Tsamiya ta fito tsaf, kana iya ƙirga ganyenta. Motar kuwa kamar an shafa ta da hannu tun fenti bai bushe ba. A ciki akwai dogon abu mai duhu a sitiyari, da farin abu a gefensa mai baki a buɗe.

"Yaya, na ɓata maka fim."

"Kai dai ba ka san hoto ba. Duk hotunan da na ɗauka a motar nan sun fito garau saboda a tsaye take. Wannan kaɗai ne shaidar ta yi tafiya." Ya ɗora yatsa a kan farin. "Nan kuma daidai lokacin da yake faɗa ne."

Shi ke nan hotonsa a duniya. Mutumin da ya ɗauki rabin ƙasar Daura, ba wanda ya taɓa tunanin karɓar kyamarar ya ce masa shi ma kar ya motsa. Sau ɗaya aka ɗauke shi, kuma ya motsa.

Da bazara ta yi zafi, ciwon sanƙarau ya shigo gari. Yaya ya kwanta da ciwon kai, wuya ya ƙage. Muka ɗauke shi a amalanke zuwa titi, muka tare motar haya zuwa asibiti a Daura. Kansa yana kan cinyata, idonsa a rufe, na ɗauka ba ya jin komai. Sai na ga leɓensa na motsi. Na sunkuya. Ya ce, Sale, gaya wa direban nan ya canja giya, yana wahalar da ita. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan. Bai kai talatin ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Da ruwan farko ya sauka aka haifi Hafsatu.

A zaman makoki Baba bai zubar da hawaye ba, ɗan fari ne, ba a yi. Yana karɓar gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu. Inna ma a bayan rumbu take nata kukan. Bayan an share makoki da 'yan makonni, Tanko ya zo, ba guduma, ya tsuguna a gaban Baba. Da kyakkyawar niyya ya zo. Ya ce ko a kawar da motar, don kada ganinta ya riƙa tayar wa mutanen gida da hankali.

"Tanko," in ji Baba, "na ce idan ta tafi da ƙafarta ta zauna har abada. Kana wurin. A kan katanga kake, amma kana wurin."

Da Tanko ya tafi, Baba ya ce in kawo masa takardar nan ta ranar. Na kawo ina ɗari-ɗari, don na san ra'ayinsa. Ya daɗe yana dubawa, ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa. Sannan ya ce fuska ba ta fito ba, saboda haka shi a wurinsa wannan ba hoto ba ne, ana iya ajiyewa. Ya zura a aljihun 'yar shararsa. Tun daga ranar ya ɗauke buzunsa daga zaure ya mayar inuwar Gimbiya, nan yake zama bayan la'asar har ƙarshen ransa. Nan ya yi wa Hafsatu wasa, nan ta koyi tafiya tana dafa ƙofar da Tanko ya so ya yi fartanya da ita. Sunan kuwa bai sake faɗa ba. Sau biyun nan ne, kuma mai sunan ya ji.

Hoton yana hannun Hafsatu yanzu. Tana ƙarama ta taɓa tambayata, Baffa, to yaya kamanninsa suke, ni ban ga komai ba a nan. Na ce ta je ta dubi tsagaggen madubin Gimbiya ta yi dariya, za ta ga wushiryarsa. Ta je. Na ga ta daɗe a wurin.

To, Nasiru, da sauranku, ga hukuncina, kuma a nan babu gishiri ko ƙwaya ɗaya. Ban hana ka shago ba, ga fili nan gefen rijiya, ni zan buga maka bulon da hannuna, na iya, kun ji inda na koya. Amma 'yan gwangwan su ɗauki sikelinsu su yi gaba. Wanda duk yake so Gimbiya ta bar ƙofar gidan nan, sharaɗin kakanku yana nan bai tsufa ba: ba shanu, ba turi, ya tashe ta ta tafi da ƙafarta. Idan ka iya, Nasiru, ni zan zauna a gidan gaba. Sai dai wannan karon a fara gyara birki.